Kwamfuta Ba Ta San Yaron Da Ba A Auna Ba

A 'yan shekarun nan ana ta kawo mana labarin wata sabuwar fasaha wadda aka ce za ta taimaki likitoci su gane mai cutar tamowa tun kafin idon mutum ya gane shi. Wannan fasaha ita ce ta kwamfuta mai koyo, wato reshe ne na abin da gidajen rediyo ke kira ƙirƙirarriyar basira. Mun ga ya dace mu tattauna batun a wannan fili, gama da yawa daga cikin 'ya'yanmu da ƙannenmu nas-nas ne da ma'aikatan lafiya a asibitocin Kano da kewaye, kuma da wuya a sami dangin da zai ce tamowa ba ta taɓa leƙo shi ba. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: muna maraba da wannan fasaha, amma kwamfuta ba ta san yaron da ba a auna ba, kuma a ƙasarmu yaran da ba a auna ba su ne suka fi yawa. Saboda haka aikin da ke gabanmu yau shi ne awo da rubutawa.

Bari mu fara da girman matsalar. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2023 zuwa 2024 ya nuna cewa kashi 40 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba saboda daɗewa cikin ƙarancin abinci mai gina jiki. A Jihar Kano kuwa abin ya haura rabi. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya daɗe yana ƙiyasta cewa kimanin yara miliyan 2 ne a ƙasar nan suke fama da tamowa mai tsanani, kuma 2 ne kawai cikin 10 suke samun magani. A maƙwabciyarmu Katsina, ƙungiyar likitoci ta na-gari-na-kowa, MSF, ta ba da sanarwa cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta cikin wata 6 na farkon 2025, kuma ta ce babban dalili shi ne ba a kawo su da wuri ba. Mu riƙe wannan kalma ta "da wuri", domin a kanta dukan maganarmu ta rataya.

Mu ɗauki unguwar Sheshe a cikin birnin Kano misali. Sheshe ɗaya ce daga cikin mazaɓu 13 na Ƙaramar Hukumar Birni da Kewaye, tsohuwar unguwa ce a cikin ganuwa, ba nisa da Kasuwar Kurmi. Mutumin Sheshe ba ya kukan nisan asibiti. Da ƙafa ma yana iya zuwa Asibitin Murtala a Ƙofar Mata, ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero. Duk da haka, yaro yana iya ramewa wata biyu ko uku a cikin gida, a bayan soro, a ƙarshen wani lungu, ba wanda ya ɗora shi a sikeli. Uwa ta ga yana gudawa, sai ta aika kemis. Kaka ta ce haƙori ne. Maƙwabciya ta ce ai ya sha ciki ne, tun da uwar ta yi kwanika. Uban yana kasuwa tun safe, in ya dawo yaro ya yi barci. Ba wanda ya ƙi yaron a cikinsu, kowa yana yin iyakar abin da ya sani. Sai ranar da ƙafafu suka kumbura, ko yaro ya daina karɓar nono, a ɗauke shi a guje, alhali an riga an makara.

Wani zai ce, mu da ba mu cika zama a Sheshe ba, me ya haɗa mu da wannan? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Yadda labarin yake a Sheshe haka yake a Sabon Gari da Badawa, haka yake a ƙauyukanmu na Sumaila da Tudun Wada. Dantsen yaro ba ya nuna masallaci iyayensa suke zuwa ko majami'a. Ban da haka, nas ɗin da za ta karɓi yaron Sheshe da tsakar dare tana iya zama 'yar ƙungiyar mawaƙanmu ce. Mun zaɓi Sheshe ne domin ta nuna cewa kusanci da asibiti kaɗai ba ya ceton yaro in ba a auna shi ba.

To, menene wannan awo? Abu ne mai sauƙi ƙwarai. Akwai wani ɗan tef na roba mai launi uku da ake naɗawa a tsakiyar dantsen yaro, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ga yaran da suka kai wata 6 har zuwa wata 59. Idan ya nuna kore, wato santimita 12.5 ko fiye, yaron yana lafiya ta wannan fanni. Idan ya nuna ruwan ɗorawa, tsakanin 11.5 da 12.5, tamowa ta fara kama shi. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron yana cikin haɗarin mutuwa, a kai shi asibiti a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ne suka tsayar da wannan iyaka ta 11.5 a 2009. Awo na biyu ba ya bukatar komai sai babban yatsa: a danna bayan ƙafafun yaro duka biyu na daƙiƙa 3, in aka ɗaga yatsa wurin ya zauna a lotse, wannan kumburin tamowa ne, ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba. A asibiti kuma ana ƙarawa da gwada nauyi da tsayi, domin akwai yaran da tef ba ya kamawa amma sikeli ya kama su.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙasarmu tana da hannu babba a tarihin wannan awo. A ƙarshen shekarun 1950, wani likitan yara ɗan Ingila mai suna David Morley, yana aiki tare da Asibitin Wesley Guild na mishan a Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile, ya fito da katin da ake ɗiga nauyin yaro wata-wata, kuma ya nace cewa katin ya zauna a hannun uwa. Shi ne kakan katin awo da matanmu suke zuwa da shi asibiti yau. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma, ma'aikatan agaji na ƙungiyar Quaker sun yi amfani da awon dantse da sandar gwada tsayi wajen tantance dubban yara masu yunwa. Tun kafin su, a shekarun 1930, likita Cicely Williams ta bayyana tamowa mai kumburi a ƙasar da yau ake kira Gana, ta kira ta da sunan da mutanen Ga suke kiranta, kwashiorkor, wato ciwon yaron da aka yi wa ƙane. Ashe kakanninmu da suke maganar shan ciki sun lura da wani abu na gaskiya, sai dai laifin na yaye ba tare da abinci mai kyau ba ne, nonon mai ciki ba guba ba ne.

Yanzu mu zo ga kwamfuta. Yadda take koyo shi ne, a ba ta bayanan dubban majinyata na baya, shekarunsu, nauyinsu, sakamakon gwajin jininsu, cutar da ta kawo su, tare da hukuncin da ƙwararru suka yanke a kan kowannensu, wane yana da tamowa, wane ba shi da ita. Sai ta yi ta lissafi har ta gano alamomin da suke yawan tafiya tare da cutar. In sabon majinyaci ya zo, sai ta gwada shi da abin da ta koya, ta ce a duba wannan da gaggawa. A Asibitin Mount Sinai na birnin New York a Amurka an yi irin wannan manhaja mai suna MUST-Plus, wadda take karanta bayanan majinyatan da aka kwantar kowace rana, ta jera wa masana abinci waɗanda ya kamata su fara gani. Ƙungiyar Welthungerhilfe ta Jamus ta gwada wata manhajar wayar hannu a Indiya tun daga 2018, mai ƙiyasta tsayin yaro da nauyinsa daga hoto. Ƙungiyar Action Against Hunger ta gwada wata a Senegal mai duba siffar hannun yaro a hoto. A 2025 kuma masu bincike na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, tare da kamfanin Microsoft da ƙungiyar Amref da Ma'aikatar Lafiya ta Kenya, sun wallafa wani aiki da ke haɗa rahotannin asibitoci da hotunan gonaki na tauraron ɗan'adam, ya yi hasashen inda tamowa za ta tsananta har wata 6 kafin lokacin.

Ba mu raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Duk wanda ya taɓa ganin layin ɗakin ganin likita a babban asibiti a Kano ranar Litinin ya san cewa ma'aikaci guda ba zai iya lura da kowa ba. In akwai abin da zai taɓa kafaɗarsa ya ce ga wanda ya fi bukata, alheri ne. Hasashe irin na Kenya kuwa zai iya sa a kai abincin magani Katsina ko Bichi tun watan Afrilu, kafin rumbuna su ƙare a tsakiyar damina, maimakon a tsaya fafe gora ranar tafiya.

Amma mu lura da abin da dukansu suka dogara a kai. Manhajar New York tana aiki ne domin duk wanda aka kwantar an auna shi, an ɗebi jininsa, an shigar da komai a kwamfuta. Hasashen Kenya ya samu ne daga rahoton da asibitoci suke aikawa kowane wata ta wani tsari da ake kira DHIS2, wanda mu ma a Nijeriya shi muke amfani da shi. Idan a ƙaramin asibitin unguwa sikeli ya lalace, ko tef ya ɓace, ko ma'aikaci ya bar gurbin nauyi a rajista babu komai saboda yawan jama'a, to abin da zai isa kwamfuta shi ne babu. Ita kuwa ba ta iya bambanta unguwar da ba tamowa da unguwar da ba awo. Sai ta nuna wa hukuma cewa lafiya lau ake, a karkatar da kayan agaji wani wuri. Yaron Sheshe da ke kwance a ɗakin uwarsa ba ya cikin rajistar kowa, don haka ba ya cikin lissafin kowace na'ura, kome tsadarta.

Abu na biyu, kwamfuta tana ɗaukar halin waɗanda ta koya daga gare su. Masu bincike na Mount Sinai da kansu sun sake duba manhajarsu, suka wallafa a 2024 cewa ƙiyasinta bai zo daidai ba tsakanin fararen fata da baƙaƙe, da tsakanin maza da mata, sai da suka sake daidaita ta. In haka ta faru a cikin birni guda, ina ga a ɗauko wadda ta koyi aiki a kan yaran Indiya a ɗora wa yaran Kano ba tare da gwaji ba? Wajibi ne duk manhajar da za a kawo a fara gwada ta a nan, a gefen tef da sikeli, a hannun likitocinmu na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Jami'ar Bayero, a kuma bayyana wa jama'a sakamakon. Akwai kuma maganar mutunci. Kafin baƙo ya shiga gida a cikin birni ya ɗauki hoton jikin yaro, dole iyaye su san inda hoton zai tafi da wanda zai riƙe shi, kuma su sami damar cewa a'a ba tare da an hana ɗansu magani ba. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan na 1996 ba, kuma mun ga yadda rashin yarda ya tsayar da rigakafin shan-inna a 2003. Amana in ta zube, kwashe ta sai an sha wuya.

To, wace hanya ce ta riga ta nuna tana kawo yara da wuri? Amsar tana nan kusa da mu, a ƙasar Damagaram. A gundumar Mirriya ta Jamhuriyar Nijar, ƙungiyar ALIMA da takwararta ta 'yan ƙasa, BEFEN, sun koya wa mata sama da 12,000 a yankin Dogo yadda za su auna dantsen 'ya'yansu da kansu, a tsakanin 2013 da 2014, suka gwada sakamakon da na yankin Takieta inda ma'aikatan lafiya na unguwa suke yin awon. Abin da aka gani shi ne, iyaye mata ba su gaza ma'aikata ba wajen awo, yaransu sun fi zuwa da wuri, kuma waɗanda sai da aka kwantar sun fi kaɗan. Yawancin matan nan Hausawa ne irin iyayenmu, da yawansu ba su yi boko ba. Launi uku kawai suka riƙe. Dalilin nasarar a fili yake: ma'aikaci yana zuwa sau ɗaya a wata in an yi sa'a, uwa kuwa tana yi wa yaron wanka kullum. Ga gidan da namiji baƙo ba ya wuce soro, babu na'urar da ta kai tef a hannun matar gida.

Sai magana ta uku, wadda ta fi sauran nauyi. Gano cuta ba shi ne warkar da ita ba. Maganin tamowa mai tsanani sananne ne: wani haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, a cikin ƙaramin ƙunshi mai nauyin giram 92, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996 da sunan Plumpy'Nut. A yunwar 2005 a Nijar, musamman a yankin Maraɗi, MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000, yawancinsu a gidajensu da wannan abinci, abin da ya canja yadda duniya take maganin tamowa. Yaron da yake iya ci kuma ba shi da wata cuta mai tsanani, ana ba uwarsa na mako guda ta koma gida, ta dawo awo mako mai zuwa. Katan guda mai ƙunshi 150 yakan isa warkar da yaro ɗaya cikin mako 6 zuwa 8. Har a nan Kano akwai masana'antar da take yin sa. Amma kuɗin sayensa ya daɗe yana fitowa daga ƙasashen waje, kuma a 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID, wasu ƙasashen Turai ma suka rage abin da suke bayarwa. Idan uwa ta ga ja a tef, ta biya kuɗin A-daidaita-sahu, ta isa aka ce babu abincin, ba za ta sake dawowa ba, kuma za ta faɗa wa maƙwabtanta. Kwamfutar da ta gano yara dubu alhali katan ɗari ne a sito, ta ƙara tsawon layi ne kawai.

Kada mu manta da manya. A asibitocinmu masu jinya ne suke kawo abinci daga gida, kuma tsoho mai tarin fuka ko mai ciwon daji yana iya kwana goma bai ci abin kirki ba, ana ta ba shi allura, ba wanda ya tambaya. Ma'aunin MUST da aka fito da shi a Birtaniya a 2003, wanda manhajar New York ta ɗauki sunansa, abu uku kawai yake dubawa: nauyin mutum a kan tsayinsa, ko ya rame cikin wata 3 zuwa 6 da suka wuce, da kuma ko rashin lafiya ya hana shi ci fiye da kwana 5. Wannan ba ya bukatar lantarki. Mu da muka saba zuwa gaishe da marasa lafiya ranar Lahadi da yamma, in mun gama addu'a, mu tambayi mai jinya: yaushe rabonsa da ya ci abinci sosai? In amsar ba ta yi daɗi ba, a sanar da nas.

Ga abin da muke roƙo. Na farko, ga Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da hukumar kula da ƙananan asibitoci: a mai da shi doka cewa duk yaro ɗan ƙasa da shekara 5 da ya shigo asibiti, ko zazzaɓi ne ya kawo shi ko ƙuna, a auna dantsensa a bakin ƙofa, a rubuta. A sa kuɗin abincin tamowa a kasafin kuɗi, a kuma fitar da shi a kan lokaci, kafin a sa hannu a kowace kwangilar manhaja.

Na biyu, ga 'ya'yanmu ma'aikatan lafiya: mun san gajiyarku, mun san ba a biyanku daidai da wahalarku. Amma lambar da kuka rubuta a rajista ita ce idon hukuma a yau, ita ce kuma malamin kwamfuta gobe. Kada a cika gurbi da ka, kada a kwafe nauyin watan jiya. Rubutun gaskiya shi ma jinya ne.

Na uku, ga dakunan shan magani na ikkilisiyoyinmu da shugabannin Zumuntar Mata: ku nemi tef daga jami'in kula da abinci mai gina jiki na ƙaramar hukumarku, ku gayyaci nas ta koya wa mata a taron mako. Rabin sa'a ya isa. A haɗa da koyar da kunun yaye na gero da waken suya da gyaɗa, da sa zogale a miya, da shayar da nono zalla har wata 6. Wadda ta koya kuma ta koya wa maƙwabciyarta, ko wace ce ita, da mai kawo mata nono, da abokiyar cinikinta a Kurmi ko kasuwar Sabon Gari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, ga iyaye maza: in an ce tef ya nuna ja, ba ranar shawara ba ce. A ba da izini, a ba da kuɗin mota. Abincin da aka bayar kuma magani ne na yaro guda, ba a raba wa yayyensa, ba a kai shi kasuwa.

Ranar da kowane yaro a Sheshe da Sabon Gari da Sumaila yake da lamba ta gaskiya a rajista, kuma akwai abinci a sito yana jiran wanda ya nuna ja, ranar ce kwamfuta za ta sami abin koyo, mu kuma mu ci amfaninta. Kafin nan, tef yana da arha, hannuwa kuma muna da su. Allah ya raya mana 'ya'yanmu, ya ba shugabanninmu zuciyar tausayi, ya ƙarfafa masu jinya. Amin.